Jinin da Ta Ce Kada a Sa Mata

A unguwarmu ta Gashuwa ba a sa ranar aure sai an biyo ta ƙofata. Ba sarauta gare ni ba, ba kuma karatu na yi ba. Ko allo ban taɓa riƙewa ba balle littafin boko. Abin da Allah ya ba ni ido ne da riƙo. Na san macen da ta shayar da ɗan wata. In uwa ta kwanta ciwo, ko ta tafi fadama yankan shinkafa ta bar jinjiri yana tsala kuka, maƙwabciya takan ɗauke shi ta ba shi nono. Shi ke nan ya zama ɗan'uwan 'ya'yanta, aure ya haramta tsakaninsu har abada. Mata suna mantawa, wasu kuma da gangan suke mantawa in sun ga saurayi da abin hannu. Ni ba na mantawa. Tsofaffi za su zo su zauna a tabarmata, su gaisa, su ce, "Gwaggo, 'yar gidan wane da ɗan gidan wane, akwai nono?" In ce babu, ko in ce akwai. Ba na ƙarawa, ba na ragewa.

Sau ɗaya aka yi aure ba na nan. Na yi wani dogon zama a Yusufari wajen jinyar yayata, da na dawo na tarar da yaro da yarinyar da na gani da idona a ƙirjin mace guda sun zama mata da miji, har da goyo. Na faɗa. Alƙali ya kira wadda ta shayar da su, ta yi kuka ta amsa, aka raba auren. Ranar da aka zo kwashe kayan ɗakin, yarinyar ta rungume ƙyauren ƙofa, sai da aka ɓamɓare yatsunta. Mutanen unguwa suka daɗe ba su gaishe ni ba. Ban yi nadama ba, har yau ban yi ba. Amma a cikin masu kallo ranar akwai 'yar ƙanena da nake riƙo tun mutuwar uwarta. Ƙarama ce, ko zane ba ta iya ɗaurawa sosai ba. Ta tsaya a bayana tana riƙe da gefen mayafina, ta ga komai.

Ta girma a hannuna, yarinya mai shiru, mai taurin kai irin nawa. Ta auri wani ɗan unguwar Katuzu mai fataucin banda, wanda ke zaune a Nguru kusa da tashar jirgin ƙasa, yana ɗora kifi zuwa kudu. Na bincika, babu nono tsakaninsu ko kaɗan. Son juna suke, kowa ya sani. Shi kuma yaro ne mai kunya. In ya zo gaishe ni, tun daga zaure yake cire takalmi, ya tsuguna nesa, idonsa a ƙasa, ya ajiye ƙunshin kifi ya fita kamar wanda aka kora.

Wannan a zamanin da muke cikin Jihar Borno ne, shekarar da sojoji suka canza kuɗi, ruwan kogi ya ja baya har yara suna tsallakawa da ƙafa. Cikinta na fari ya tsufa, aka kawo mini ita don ta haihu a gida, yadda aka saba. Wata rana da hantsi muna tsinke tattasai a tsakar gida, ta ce, "Gwaggo, tsakanin nono da jini wanne ya fi kusa?"

Na ce, "Wace irin tambaya ce wannan?"

Ta ce wai ta ji a Nguru, in mace ta zubar da jini wajen haihuwa, asibiti sai su ɗebi na wani su ɗura mata, kuma mijinta suke fara kira.

Na ce, "Ni nono aka ba ni riƙo. Jini ban san shi ba."

Ta ci gaba da tsinka. Can ta ce, "Nono ɗan kaɗan yaro ke sha, ya haramta masa mace har ya mutu. To jini fa, da za a zuba maka shi a jijiya? Gwaggo, in abin ya zo, ko na wa za a sa mini a sa. Ban da nasa. Na fi son in tafi ina matarsa."

Na ce ta rufe mini baki da mugun fata. Ta ce, "Na dai ba ki amana." Ta faɗa da hankalinta, cikin ƙoshin lafiya, hannunta ja da tattasai.

Abin kuwa ya zo. Da safe ta haihu, 'ya mace, lafiyayya. Mabiyiya ta fito, amma jini ya ƙi tsayawa. Ungozoma ta yi abin da ta sani, muka canza tsumma har suka ƙare, muka koma zannuwa. Na ga leɓenta ya yi fari. Na aika kasuwa, don na san mijin yana gari ranar yana sayen kifi. Ya zo da a-kori-kura, da wansa, da wani abokin cinikinsu mai faɗin ƙirji. A bayan motar na rungume kanta a cinyata, ƙarnin kifi da ƙarnin jini sun haɗu. Ta buɗe ido ta ce, "Gwaggo, amanata." Na ce na ji. Daga nan ba ta sake magana ba.

A asibiti wata nas ce ta karɓe mu, gajeriya, bakinta kamar reza. Ta leƙa idon yarinyar ta ce jini ake bukata yanzu-yanzu, su kuma ba su da ajiya, sai dangi sun bayar. Ta dubi mazan.

Wan mijin ya dafa ƙirji ya ce, "Hajiya, ni ai ko guga kike so ki ɗiba."

Ta ce, "Madalla, zakin maza. Naɗe hannun riga."

Da ya ga allurar sai ya ce, "To, wai in an ɗiba yana dawowa kuwa? Ni fa iyali gare ni, mata ba sa jin uzuri."

Ta ce, "Tashi ka ba ni wuri. Matarka ta haihu nawa, wa ya mayar mata da nata?"

Abokin cinikin nan mai faɗin ƙirji ya ce bari ya je ya sayo goro ya dawo. Ban sake ganinsa ba sai ranar suna. Wan ya daure aka soke masa yatsa, aka duba, nasa bai dace da nata ba. Ya fito yana ta godiya ga Allah a fili, ko kunya babu. Na miƙa nawa hannun. Nas ɗin ta ja fatar idona ƙasa ta ce, "Iya, ke ma da za a samu a ƙara miki da an yi." Duk da haka na sa ta gwada. Bai dace ba. Aka gwada na mijin. Ya dace.

Sai na tsaya a gabansu na faɗi abin da aka ba ni in faɗa. Na ce yarinyar nan ta ce kada a sa mata jinin mijinta. Ta faɗa tana da lafiya, ta maimaita a mota. Na faɗi dalilinta.

Nas ɗin ta ce, "Iya, wannan ba gaskiya ba ne. Mun sa wa mata da yawa jinin mazansu, suna nan da aurensu."

Na ce, "Ban ce gaskiya ba ne. Na ce abin da ta ce ke nan. A nemo wani."

Ta ce, "Nemo shi. Amma ki sani, kafin ki dawo ba jini za ki nema ba, likkafani ne." Ta juya wajen mijin. "Kai ne mai ita. Me ka ce?"

Tunda yaron nan ya auri 'yata bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. Ranar ya dube ni, ido cikin ido, kamar sa'arsa. Ya ce, "Gwaggo, kin sauke amanarki. Kowa ya ji. Saura tawa." Ya naɗe hannun riga ya bi nas ɗin ciki.

Ban tare ƙofa ba. Ban kuma ce na yarda ba. Na zauna a kan benci ina kallon wata jaka ja tana rataye a ƙarfe, jini yana ɗiga ta siririyar roba yana shiga hannun 'yata. Na sha ganin nono yana shiga bakin ɗan da ba nasa ba, na san abin da zan yi da wannan ganin. Wannan ban san inda zan ajiye shi ba. Kafin la'asar leɓenta ya fara komawa kalarsa.

A waje mijin ya same ni, ya koma tsugunonsa na da, ido a ƙasa. Ya ce, "Gwaggo, don Allah kada ta sani."

Na ce, "Ba zan fara faɗa mata ba. In ta tambaye ni kuwa, ban iya ƙarya ba."

Ba ta ma tambaye ni ba. Washegari da rana ya shigo, aka miƙa masa jaririyar, ya miƙo hannu biyu, hannun rigarsa ya zame. Ga auduga da filasta a lanƙwasar hannunsa. Ta dubi wurin, ta dubi nata hannun, ga irinsa. Ta dube ni. Na ga ta gane. Ba ta yi kuka ba, ta jawo mayafi ta rufe kanta, ta juya fuska bango.

Na yi mata wankan jego a gidana, safe da yamma, ruwa mai zafi da ganyen darbejiya, kunun kanwa, gasasshen nama. Jikinta ya dawo, har ta fi da kyau. Nono ya zo da yawa. Amma nakan kama ta tana zaune ta dafa yatsa biyu a wuyan hannunta, tana sauraro. Ta ce, "Gwaggo, ba haka jinina yake bugawa da ba." Ita da ba ta cin yaji sai kaɗan, ta koma tana zuba shi a burabusko har sai ya yi ja, irin cin mijinta. Ta lura da kanta, ta ture kwanon. Na ce mai jego ce, kwaɗayi ne. Ta ce to.

Da aka yi arba'in ta ce ba za ta koma Nguru ba. Ubanta, ƙanena, ya yi faɗa har ya ɗauko sanda; na ce ya ajiye, a gidana yake. Aka ɗauko malamin unguwa, dattijo mai haƙuri, ya zauna a zaure, ita tana daga bayan zana, mijin yana gefe. Malam ya yi bayani a hankali. Ya ce shari'a a kan shayarwa ta yi magana, shi ma sai yaro yana cikin shekarun shan nono. Ya ce jini ba ya haramta aure, aurensu yana nan daram, kuma abin da mijin ya yi ceton rai ne, yana da lada.

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, nonon da nake ba yarinyar nan yanzu, daga ina yake fitowa? Ba daga jinina ba?"

Malam ya yi murmushi ya ce, "'Yata, da haka ake hukunci, da duk wanda ya sha nonon saniya ɗaya da wani ya zama ɗan'uwansa. Da Fulanin Yusufari sun raba auren garin nan kaf."

Wan mijin ya ƙyalƙyale da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Na ji, Malam. Allah ya ƙara sani."

Ni ma na ƙara mata da nawa. Na ce ni ce mai riƙon nono a unguwar nan, kuma na ce babu haramci, ta tashi ta bi mijinta. Ta bi shi. Ni na raka ta, muka hau mota zuwa Nguru, ta cikin goruba da yashi, jaririya a bayanta. Na jera mata kwanukanta, na kwana biyu na dawo.

Ba a jima ba na koma dubo su. Na tarar ɗakin a share, abinci a kan wuta, yarinya ta yi ɓulɓul. Na kuma tarar da tabarma da matashi a rumfar tsakar gida, inda mijin yake busar da kifi. A nan yake kwana. Da ya shigo daga tasha ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya." Akwai matan da ke kiran mazansu haka don so. Nata ba irin wannan ba ne. Na ga fuskarsa lokacin da ta faɗa.

Na ja ta ɗaki na ce, "Ke, malam ya yi magana, ni na yi magana. Me kike so kuma?"

Ta ce, "Gwaggo, kaina ya yarda. Wallahi ya yarda. Amma in ya matso kusa da ni, sai jikina ya yi sanyi kamar Baba ne ya shigo. Na yi addu'a, na sha rubutu. Ina jin sa a nan," ta nuna wuyanta, "yana yawo. Yaya zan yi da mutumin da yake cikina?" Sannan ta ce, "Kuma na ce a'a. Da bakina na ce. Kin faɗa musu?"

Na ce na faɗa.

"Suka ji?"

Na ce sun ji.

Ta gyaɗa kai. "To da ban ce komai ba ma ɗaya ne."

Da zan tafi ya raka ni tasha yana riƙe da ƙullin kayana. Jirgi na ta huci a bayanmu, masu dako na ihu. Bai dube ni ba. Ya ce, "Gwaggo, da na bi maganarta, yau tana ina?"

Na ce tana maƙabarta.

Ya ce, "Ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan. In na ji tana wa yarinya wasa daga rumfa, sai in ce gwamma haka." Ya ajiye ƙullin. "Amma wani lokacin, Allah ya yafe mini, sai in ga kamar a asibitin nan matata ta mutu, wannan wata ce aka ba ni."

Sun yi ta jurewa har aka yaye yarinyar. Ita ta roƙe shi ya sauwaƙe mata, ta ce ba ta son ta ci gaba da ɗaukar alhakinsa. Ya sake ta saki ɗaya, da fatan za ta sauko kafin idda ta cika. Ba ta sauko ba. Ta dawo gidana da 'yarta. Manema suka zo, ta ƙi kowa. Ta ce ba za ta kai jinin wani gidan wani ba. Shi kuwa bai daina zuwa ba. Duk ranar kasuwa ga shi da ƙunshin kifi. Ita take fita zaure ta kai masa ruwa, su gaisa, ta tambaye shi ciniki, ta yi masa faɗa in ta ga rigarsa da datti. Hira suke da dariya, fiye da lokacin da suke da aure. In dai akwai tabarma guda tsakaninsu, lafiya lau take.

Bayan wasu shekaru danginsa suka matsa masa ya yi aure, aka samo masa wata 'yar Katuzu. Aka zo wurina tambaya, na ce babu nono. Ranar kai lefe, matan gidansu suka taru a ƙofarmu za su wuce. Sai ga 'yata ta fito da kwalliya, ta ce da ita za a je. Matan suka dubi juna. Wata ta ce, "A matsayin wa?" Ta ce, "Ƙanwar ango mana. Duk cikinku wa ta kai ni kusa da shi?" Ta ɗauki babban akwatin ta ɗora a kai, ta shige gaba, ita ce ma ta fara rangaɗa guɗa.

Ina tsaye a bakin zaure. Can gindin wata bishiya na hango shi, shi kaɗai, yana kallon bayanta har suka sha kwana. Hannunsa na dama yana dafe da lanƙwasar na hagu. Ba na jin ya san ya dafa.

Tun daga shekarar haihuwar nan na shiga riƙe jini yadda nake riƙe nono. Na san wanda ya ba wa wane a unguwarmu, da wanda ya gudu sayen goro. Ba wanda ya taɓa tambayata wannan, ba shi da amfani ga kowa, amma na kasa sakinsa.

Yanzu da ciwon ƙoda ya yi yawa a garinmu, ana ta maganar wai mutum zai iya ba wani ƙodarsa. A rediyo na ji an ce a wasu ƙasashe mutum yakan faɗa tun yana da rai in ya yarda a ɗauki wani abu a jikinsa bayan ya mutu, a wasu kuma in ka yi shiru an ɗauka ka yarda. Ni dai 'yata ba shiru ta yi ba. Kwanaki wata mata ta zo ta zauna a tabarmata, ɗanta yana son ya ba matarsa ƙoda, tana tambaya ko akwai haramci. Na ce malamai sun ce babu, amma a tambayi yarinyar tun tana cikin hankalinta, a kuma saurari abin da za ta ce.

Matar ta ce, "To Gwaggo, in ta ce a'a fa?"

A tsakar gida 'yata tana tsinke tattasai, kanta ya yi furfura, jikokinta na kewaye da ita. Ta ji tambayar, na ga hannunta ya tsaya. Na jira ko za ta amsa. Ba ta ɗago ba. Ni ma ban amsa ba.